Waƙar da Ke Ƙarƙashin Dutsen Niƙa

Rakodar da nake aiki da ita ba ta fi tafin hannuna ba. Ta hannu ce, na saye ta wajen wani mai sauke kayan lantarki daga Kano, kuma ranar da na kawo ta gida ban san aikin rabin maɓallanta ba. Tana cin ƙananan batura, tana ajiye murya a kati irin na waya, a kanta kuma akwai makirfo biyu da suka gicciye juna. Tana da wata hular gashi da ake sa mata don kada iska ta busa ta ɓata aiki. Da wannan 'yar aba nake neman abinci a shagona da ke unguwar Dogo Nini a Potiskum. Mawaƙan biki sun zauna a gabanta, masu tallan maganin shawara sun zauna, ɗaliban Islamiyya masu shirin sauka ma sun zo sun rera mata ƙasidunsu.

Aikin ya ɓata mini kunne, wannan kam ba na musu. Abin da wani zai kira shiru, ni ina jin janareton maƙwabci a cikinsa, ina jin tirela tana canja giya a titin Kano zuwa Maiduguri, ina jin 'yan keke napep da ba sa iya wuce ko akuya sai sun danna mata hon. Potiskum gari ne da ba ya rufe baki, ni kuma sana'ata ita ce in raba muryar mutum da duk abin da ke kewaye da ita. Matata takan ce ni kaɗai ta sani da ke faɗa da firij. Gaskiya ta faɗa, don na taɓa kashe mata shi rana tsaka saboda ina ɗaukar muryar wani mai bege, na manta ban kunna ba sai da miyarta ta yi tsami.

Mahaifiyata ta rasu tun ban isa shiga makaranta ba. 'Yar Ngizim ce, daga wani ƙauye da ba shi da nisa da gari, mahaifina kuwa jinin fataken Kano ne da suka zo da atamfa suka zauna. Fuskarta ina da ita a hoto guda, wanda ya koɗe har ya fara cinye mata kunne. Muryarta ce ba ni da ita. Na ɗauki muryar mutanen da ban san daga inda suka fito ba har kati ya cika na sake wani, amma ta wadda ta haife ni ko tari babu. Wannan abu ya daɗe yana damuna, kuma tun da na fara sana'ar nan damuwar ta ƙaru.

Ƙanwarta tana nan da rai a lokacin, a unguwar Bolewa, tana zaune da 'yarta. Inna muke ce mata. Wata ƙaramar Salla na je gaishe ta, hira ta yi hira, sai ta ambaci cewa yayarta tana da wata waƙa da ta ƙirƙira da kanta, wadda take yi idan tana niƙa. Ta ce lokacin da aka haife ni an turo ta daga ƙauye ta taya raino, a nan ta ji waƙar har ta zauna mata, kuma ban da ita babu wanda ya san ta. Ta ƙara da cewa muryarsu ɗaya ce, har mahaifina yakan amsa wa wannan yana zaton waccan ce ta yi magana. Ta faɗa ne kawai ta wuce zuwa zancen tsadar manja. Ni kuwa ban ƙara jin komai ba a hirar, lissafi kawai nake yi. Inna ta tsufa, ga ciwon gwiwa ga hawan jini, kuma ranar da ta tafi waƙar ta tafi.

Da na fito mata da maganar ɗauka, sai ta tambaye ni ko na ga ta yi kama da zabiya. Na yi ta zarya. In je da goro, in je da man zafi na gwiwa, in zauna in saurari labarin mutanen da suka mutu tun ba a haife ni ba. Daga ƙarshe ta ce to, don ni ne, kuma don ta ga idan ba ta yarda ba zan ƙarar mata da tabarma.

Ranar da muka sa, na je da hantsi na shirya ɗakin yadda na saba. Na kashe fanka, na rataya bargo a taga, na roƙi 'yarta ta kife kaji da kwando, na leƙa maƙwabta na ba mai injin markaɗe haƙuri ya ɗan dakata. Na zaunar da Inna a kujera, na kife turmi a gabanta na ɗora rakodar a kai. Ta daɗe tana kallon hular gashin, sannan ta tambaya ko wannan ɓeran yana cizo. Daga ranar sunan rakodar ya zama ɓera a gidan. Sai da ta yi masa sannu da zuwa, ta tambaye shi gajiya, kafin na danna jan maɓallin na ɗaga mata hannu.

Ta buɗe baki, ta ja baiti bai kai ƙarshe ba, ta tsaya. Ta sake farawa, ta tsaya a wuri ɗaya. Na ce kada ta damu, kowa haka yake yi a gaban makirfo, har manyan mawaƙa. Muka sha ruwa muka sake. Ɗakin ya yi zafi saboda bargon da na rataya, gumi yana bin wuyanta, ita kuwa sai motsa leɓe take yi babu abin da ke fita. Can na ga idonta ya sauya. Ba kunya ba ce, tsoro ne. Mahaifiyarsu ta rikice kafin ta rasu, har ba ta gane 'ya'yanta, kuma Inna ta daɗe tana jiran ranar da nata zai fara.

"Waƙar ta tafi, ɗan nan," ta ce. "Jiya tana nan, yau babu."

Na tattara kayana. 'Yarta ta raka ni ƙofa tana harara ta, ta ce na zo na tayar wa tsohuwa hankali a banza.

A shago na sa abin kunne na saurari ɗan abin da na samu, don ɗabi'ata ce ba na goge komai sai na ji shi. Ga muryar Inna tana farawa tana yankewa. Amma akwai wani sauti a ƙasa da ya yi ta ba ni haushi, wani shuu, shuu, yana tafiya yana dawowa a kan ƙa'ida. Na zargi fanka, na tuna na kashe ta. Na zargi kaji. Sai da na maimaita sau da yawa na gane zanenta ne. Duk lokacin da take ƙoƙarin waƙar, hannuwanta suna kan cinya suna tafiya gaba suna dawowa baya, ni kuma ina can ina kallon layukan da ke tashi da sauka a fuskar rakoda ban lura ba. Niƙa take yi babu dutse.

Washegari na koma na tambaya ko akwai dutsen niƙa a gidan. Akwai, amma ya daɗe da yin ritaya. Babban yana bakin rijiya ana taka shi a wanke ƙafa, ƙaramin da ake riƙewa a hannu kuma shi ke tokare ƙofar akurkin kaji. Muka ciro su muka wanke. Inna ta shafa fuskar babban ta ce ya yi santsi, ba zai ci ba, sai da aka bubbuge shi da ƙarfe ya yi kaushi. Aka surfa gero aka shanya. Na kawo shawarar a ɗora dutsen a kan bulo ta zauna a kujera, ta dube ni kamar na ce ta yi salla a kan keke. Durƙusawa za ta yi, yadda ake yi. 'Yarta ta saka mata matashi a ƙarƙashin gwiwa, tana faɗa mini cewa idan ƙafar ta kumbura ni zan zo in yi jinya.

Na kafa ɓera a kan turmi kusa da ita, na daidaita shi, na nemi wuri zan zauna. Inna ta ce in tashi. Namiji ba ya zama a kan mace tana niƙa, ko da ɗan da ta goya ne. Na danna maɓalli, na tabbatar jar fitilar ta tsaya cak ba ƙiftawa take yi ba, na fita zaure na zauna a kan dakali.

Da farko dutsen kawai nake ji, yana gurza yana dawowa. Sannan wata murya ta taso daga ƙarƙashinsa, siririya, tana hawa idan dutsen ya tafi tana sauka idan ya dawo. Ba ta tsaya ba, ba ta yi tuntuɓe ba. Ba zan ce na tuna da ita ba, don ban tuna ba, kuma ba na son in yi wa kaina ƙarya. Abin da na sani shi ne na kasa zama, na miƙe na yi ta kai da kawowa a zauren nan hawaye yana zubo mini, ina addu'a kada batir ya mutu. Da dutsen ya yi shiru na shiga, na tarar da Inna ta dafa ƙasa tana haki, gari ya taru fari a kan faifai, tana dariya. Ta ce ashe ba kanta ne ya tafi ba, hannunta ne ba a ba shi aiki ba.

Murnata ta ragu da na koma shago. Dutsen ya cinye komai. Duk gurzawa ɗaya sai layukan su haura su taɓa ja, muryar kuwa tana can baya kamar mai magana a ɗakin maƙwabta. Ana jin karin waƙar, amma ba a iya tsintar kalma ko ɗaya. Na koma na roƙi Inna mu sake, ta ɗan sassauta hannu wannan karon. Ta ce in je in faɗa wa geron. Ko da ta yarda ma ba ta yiwuwa, don gwiwar ta kumbura kamar yadda 'yarta ta faɗa, kuma daga ranar ba ta sake durƙusawa ba, ko salla a zaune take yi. Abin da na samu shi ke nan, babu na biyu.

To, ni ma ina da tawa dabarar. Akwai manhaja a kwamfutata da nake wanke murya da ita. Sai ka yanko mata ɗan guntun hayaniyar ita kaɗai, ka ce ga abin da ba ka so, ita kuma ta bi ta tsince shi duk inda yake. Da ita nake cire janareto daga wa'azi, da ita nake cire kukan yara daga waƙar biki. Na zauna a kan aikin nan na kwanaki, ina mayar da masu zuwa sa waƙa a waya. Idan na cire da yawa muryar ta koma kamar ta mai magana a cikin tulu, idan na cire kaɗan dutsen ya dawo. A hankali na samu tsakiya. Muryar ta fito ita kaɗai, ta ɗan rame, amma kowace kalma a tsaye take. Ban taɓa yin aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba.

Ngizim ɗina bai wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba, saboda haka ban fahimci abin da ake faɗa ba. Niyyata in kai wa Inna ta fassara mini, daga nan in kai wa mahaifina. Shi ma ya ji labarin abin da nake yi. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar kasuwa, yini yake yi a zaure da carbi. Bai taɓa kiran abin da sunansa ba, amma kullum na je gaishe shi da safe sai ya ce yaya aikin nan nawa, ya kusa? Na san jira yake yi.

Na sami Inna a tsakar gida ta miƙe ƙafa a inuwa, 'yarta tana gefe tana tsince shinkafa. Na zauna, na ce ga abin mamaki na kawo mata, na kunna 'yar lasifikar da ke jikin rakodar. Muryar ta fito tas. Ina kallon fuskarta ina jiran yabo. Baiti na farko bai ƙare ba 'yarta ta daina tsintar, ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗauki tirenta ta shige madafa.

"Kashe," in ji Inna.

Na kashe.

"Ina dutsen?"

"Na cire shi, Inna, don a ji ki sosai."

"Wa ya ce maka so ake a ji?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta yi mini bayani a hankali, da Hausarta da ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. Ta ce mace idan ta durƙusa a kan dutse, abin da ke cikinta take zubarwa, kuma ƙarar dutsen ita ce suturarta. Maigida yana zaure yana jin gurza da ɗan amo, ya san matarsa tana lafiya tana aiki, iyakar rabonsa ke nan. Macen da ke kusa, mai tankaɗe ko mai raino, ita takan ji kalmomin, kuma ba ta ɗauka ta kai ko'ina. Ta ce ita da ta yarda, ta ɗauka ɓeran nawa zai ji ne irin jin da namiji ke yi daga zaure. Ba ta san yana da hannun da zai ɗaga dutse ya leƙa ƙarƙashi ba.

"Ka tuɓe wa yayata zane a tsakar gida," ta ce.

Kunya ta rufe ni. Amma akwai taurin kai a jinina, kuma na yi wahala a kan aikin nan. Na ce mata ni ba baƙo ba ne, ɗanta ne, kuma ba ni da wani abu nata sai wannan. In ma za a goge, a faɗa mini abin da ta ce. Inna ta daɗe tana murza gwiwarta. Sannan ta ce tun da har 'yarta ta riga ta ji, babu amfanin a ɓoye wa mai uwar.

Ba zagi ba ne, ba kuma wani abin fallasa ba. A waƙar, mahaifiyata tana cewa gidan da aka kawo ta akwai hatsi, akwai zane, ba a taɓa ɗaga mata hannu ba. Tana cewa mijinta mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Sai dai tun da ta zo take kwana take tashi da harshen mutane, nata kuma yana bushewa a bakinta, kuma mutumin kirkin nan bai taɓa tambayarta ko da sunan ruwa da yarensu ba. Tana cewa idan ta mutu a gidan, ba ta san da wane harshe za a yi kukanta ba. Wannan take maimaitawa, tana juya shi, har geron ya ƙare.

Na ji tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin mahaifina, abin da ban taɓa ji ba. Sai kuma na tuna ko wane ne shi, mutumin da har yau idan an ambace ta sai ya sauke kai ya yi mata addu'a, kuma a iya saninsa bai rage ta da komai ba. Inna ta ce in goge. Na goge na cikin katin a gabanta, na juya mata fuskar rakodar ta gani, ko da yake ba karatu take yi ba. Na yi mata alkawarin na kwamfuta ma zan goge, kuma ina isa shago na cika. Na asalin, mai dutsen, ta ce wannan in riƙe, nawa ne. Ita ba ta sani ba, amma ni na san muddin na asalin yana hannuna, yanzu da na gane hanyar, yini ɗaya ya ishe ni in sake fito da wancan.

Bayan la'asar na wuce gidan mahaifina. Yana zaure a kan buzunsa. Na gaishe shi, na ce aikin nan ya ƙare. Ya ajiye carbin. Na sa masa abin kunne, na gyara masa shi a kan hula, na kunna na asalin. Daga inda nake zaune ina jin gurzar dutsen tana fitowa kaɗan-kaɗan. Bai motsa ba har ta ƙare, idonsa yana kan ƙofar da ke shiga cikin gida. Da ya ji shiru ya zame abin kunnen gefe ɗaya, ya ce haka yake jin mahaifiyata a da idan ya dawo daga kasuwa, daidai haka, daga nan inda yake zaune. Ya ce wani lokaci yakan ƙi yin sallama ya tsaya, don kada ta ji shigowarsa ta daina.

Sannan ya juyo wajena.

"Na ji an ce injin naka yana cire hayaniya. Ba ka ɗan ɗage dutsen nan, a samu mai yaren ya faɗa mini abin da take cewa? Na sha cewa zan tambaye ta, Allah bai nufa ba."

Na dubi rakodar a hannuna. Na dubi tsohon nan da ya karkato kunne yana jiran amsa.

"Ba ya ciruwa, Baba," na ce. "Sun riga sun haɗe."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah Ya jiƙanta, na ce amin. Ya lalubo abin kunnen ya mayar da shi kunnensa da kansa, ya ce in mayar masa da ita farko.